Ranar da Na Ce wa Mai Lema A'a

Abu na farko da ƙasar Malesiya ta karɓe mini shi ne fasfo, na biyu kuma taga.

Fasfon, ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar ne ya karɓa washegarin saukata. Wata budurwa mai fara'a ta sa hannu biyu ta amsa, ta ce za a kai a buga mini bizar karatu, in dawo ba da daɗewa ba. Daga baya na gane a wannan jami'a ta gwamnati "ba da daɗewa ba" ƙanwar "sai baba ta gani" ce. Kuma duk shekara haka ake yi. Da biza ta kusa ƙarewa sai a karɓe fasfon ya yi watanni a hannunsu, kai kuma kana yawo da wata 'yar takarda mai shaida cewa ɗalibi ne kai, ba ɓarawo ba.

Tagar kuwa ɗan ƙasarmu ne ya raba ni da ita. Tun ina gida aka haɗa mu ta waya, ya ce kada in damu da masauki, ya kama mini ɗaki mai kallon lambu. Ya tarbe ni da "ɗan'uwa rabin jiki", ya karɓi hayar shekara, ya hau da ni can saman wani dogon bene, ya buɗe wata ƙofa kusa da kicin. Ɗakin ajiyar kaya ne. Katifa ta shiga, na shiga, iska ta tsaya a waje. Da na tambaye shi ina lambun, sai ya nuna mini kalandar da ke bango mai hoton furanni, ya yi dariya ya ce, "Malam Habibu, karatu ka zo yi ko shan iska?" Daga ranar wayarsa ba ta sake shiga ba.

Ni mutumin Roni ne, ina koyar da darasin noma a wata kwaleji a Kazaure, kuma ita ce ta ba ni hutun karatu na tafi neman digiri na uku. Mahaifina, Malam Sule, a zauren hakimi ya ƙare ƙuruciyarsa. Ba shi da wata babbar sarauta, amma rikicin gona, da na iyaka, da na shanun da suka yi ɓarna, duk ta hannunsa suke bi kafin su isa gaban hakimi. Tun ina ƙarami yake tafiya da ni in zauna a bayansa. A can na koyi abin da na ɗauka shi ne ladabi gaba ɗayansa: in babba yana magana idonka a ƙasa, in ya gama ka ce "gaskiya ne", in ya gyara maka ka ce "na gode". Har na yi aure na haifi 'ya'ya ban taɓa tsayar da idona cikin na mahaifina ba. Na san muryarsa, na san ƙafafunsa da bakin rigarsa, na san zoben azurfar da ke hannunsa, iyakar sanina ke nan.

Binciken da na tafi da shi ma daga gida na ɗauko shi. A ƙauyukan Gwiwa, da an kwashe gero da dawa, makiyaya kan sauko da shanunsu su yada zango a gonakin manoma. Shanu su ci kara su bar taki, manomi ya ba arɗo damin hatsi, kowa ya tashi da riba. Wannan tsohuwar yarjejeniya tana mutuwa, ni kuma ina so in auna abin da ƙasa ke samu daga gare ta kafin a neme ta a rasa. Dabarata ita ce in bi tsawon zaman da garke ya yi a kowace gona, in auna takin da ya bari, in ɗebi ƙasa a gwada. Abu ɗaya na kauce wa da gangan, wato tambayar makiyayi yawan shanunsa. Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san ba a yin wannan tambaya. Tun zamanin jangali, harajin shanu, Bafulatani ba ya faɗa wa baƙo adadin dabbobinsa, wasu kuma suna tsoron kambun baka. In ka tambaya zai yi maka murmushi ya ce 'yan kaɗan ne, na Allah ne. Gobe in ka dawo, ko nono ba za ka samu a rugar ba, balle magana.

Malamar da aka ba ni ta duba aikina Dakta Salma ce, 'yar ƙaramar mace mai saurin tafiya da saurin magana. Ta karanta abin da na rubuta ta ce ya yi mata. Ita ce ta fara karanta mini doka. Kafin a bar ɗalibi ya tafi aikin fili, sai ya tsaya gaban kwamitin malamai ya kare tsarin bincikensa. Dama biyu ce kawai. Ka faɗi ta farko, a ba ka zangon karatu ɗaya ka sake shiri. Ka faɗi ta biyu, a soke sunanka, biza ta bi bayansa. A tsakanin biyun ba a canza kwamiti, ba a ba da hutu, ba a jingine karatu. Na ce mata "to", ban ji komai a raina ba, domin ni a ganina wanda ya san aikinsa kuma ya san girman manya ba shi da abin tsoro.

A wannan tsakanin na samu Isufu. Wata Juma'a bayan an idar da salla na ji wani a bakin masallaci yana cewa, "Kai, wane mara tsoron Allah ne ya taka mini takalmi?" Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido, don na yi watanni ban ji Hausa daga bakin da nake gani ba. Mutumin Magarya ne ta Nijar, tsallaken Babura, yana karatun injiniya, ya daɗe a can har ya kusa cinye wa'adin shekarun da doka ta yanka masa. Yana ce mini mai naira, ina ce masa mai sefa. A ɗakinsa na fara cin tuwo, na garin shinkafa ne da miyar kukar da yake tattalinta kamar turaren Makka.

Shi ya fara ba ni labarin shugaban kwamitina. Wani tsohon farfesa ne da ɗalibai baƙi ke kira Mai Lema, saboda baƙar lemar da ba ta barin hannunsa ko a cikin ofis.

"Ka yi hankali da shi, mai naira," in ji Isufu. "Wannan tsohon ba ya son mai laushi."

Na ce, "Ai tsoho duk inda yake tsoho ne. Girmamawa yake so, ita kuwa a gidanmu aka yanke mata cibiya."

Ranar kariya na sa farar shadda da hula. Da na shiga ɗakin na ga Mai Lema a tsakiya, kansa fari tas, sa'an mahaifina, sai na rusuna har ƙasa na gaishe shi. Wani matashin malami da ke gefensa ya zabura ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya ɗauka wani abu na yar. Na yi bayanina tiryan-tiryan, idona a kan takalmana. Dakta Salma tana zaune a baya, doka ta hana ta cewa uffan.

Mai Lema ya ce, "Ina yawan shanun? Ta yaya za a yi bincike a kan taki babu adadin dabbobin da suka yi shi? Ka rubuta takardar tambayoyi ka raba wa kowane makiyayi, tambayar farko ita ce shanu nawa gare shi."

Na san wannan shawara za ta kashe aikin tun kafin a haife shi. Amma tsoho ya yi magana. Na ce, "Gaskiya ne, Farfesa. Na gode, zan gyara."

Matashin ya ce, "Ni kuma ina ganin ka rabu da mutane gaba ɗaya, ka tsaya a kan gwajin ƙasa."

Na ce, "Gaskiya ne, Dakta. Na gode, zan gyara."

Ta ukunsu, wata malama mai tabarau, ta dube ni ta ce, "To wanne za ka yi? Ai maganganun biyu sun saɓa wa juna."

Na ce, "Duk wanda kuka ga ya dace."

Na fito ina jin daɗi. Ban yi musu da kowa ba, ban katse kowa ba, ban ɗaga murya ba. Har na tsaya a hanya na saya wa Isufu ayaba don murna.

Washegari Dakta Salma ta kira ni ofishinta, ba ta ko ce in zauna ba. Ta ce kwamiti ya kayar da ni. Na tambaye ta wane kuskure suka samu a aikin. Ta ce babu ko ɗaya. "Sun ce ba ka kare komai ba. Farfesa ya ce bai ma tabbata kai ka rubuta ba, domin wanda ya rubuta abu da hannunsa ba ya sakinsa a tambayar farko."

Faɗuwar ba ta yi mini ciwo kamar wannan magana ba. Ni da na taka gonakin nan da ƙafata, ni ake zargi da aron aiki. Ladabin da na kawo a matsayin guzuri shi ya zama shaidar da aka kama ni da ita.

Daga nan aka shiga zangon da ba na son tunawa. Na fara da ofishin karatun manyan digiri, na roƙi a canza mini shugaban kwamiti. Aka yi mini murmushi aka ce doka ba ta yarda ba. Na je ofishin ɗaliban waje na ce a ba ni fasfona, da ya sake komawa hannunsu, in je gida ko na sati biyu ne in ga iyalina in dawo da hankalina. Budurwar nan mai fara'a ta ce zan iya karɓa, amma aikin biza zai koma farko, kuma duk wanda ya bar ƙasa yana jiran kariya ta biyu ana ɗaukarsa ya ajiye karatu da kansa. A ƙasar nan ba wanda ya taɓa yi mini tsawa. Da murmushi ake rufe maka ƙofa, har ka ji kunyar sake ƙwanƙwasawa.

Gaba kura, baya sayaki. In na tsaya, Mai Lema yana jirana. In na koma, me zan ce wa kwalejin da ta sake ni, da abokan aikin da suka raba darussana a tsakaninsu? A Roni tuni an fara kirana Dakta. Matata Rabi in ta kira sai ta ce, "Yara suna tambaya yaushe za ka zo aikin gonar da ka ce." In ce mata an ɗan ɗaga. Kullum da la'asar ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ni kuwa sai dai in ji ƙararsa ta bango, don ba ni da tagar da zan gan shi. Ina kwance a ɗakin nan ina kallon furannin kalanda, ina tuna duwatsun Kazaure da yamma, da yadda mutum zai hau babur daga can ya isa Roni iska tana dukan ƙirjinsa ba wanda ya tambaye shi takarda. Kewa ta kama ni har abinci ya daina yi mini ɗanɗano. Shinkafa da safe, shinkafa da rana, har na fara mafarkin fura.

A benenmu akwai wani ɗalibi daga wata ƙasar Larabawa da muke gaisawa a matakala. Wata rana na tarar ya baje tukwanensa da littattafansa a ƙasan bene yana sayarwa. Ya faɗi kariya ta biyu, an ba shi 'yan kwanaki ya bar ƙasar. Na tsaya na gaishe shi. Shi ne ma ya ɗauko fankarsa ya miƙo mini, ya ce, "Na ga ɗakinka. Ta fi amfani a wurinka." Na sa hannu a aljihu ya riƙe hannun. Duk lokacin da fankar nan ta juya ta dube ni, sai in ga kaina a ƙasan bene da tukunyata.

Dakta Salma ba ta yar da ni ba. Ta ce aikin ba ya bukatar gyara, ni ne nake bukata. Wata rana muna zaune sai ta ce, "Gero ai a cikin ruwa ake dasa shi kamar shinkafa, ko ba haka ba?"

Na ce, "E to, Dakta, mai yiwuwa a wasu wuraren."

Ta buga tebur har biro ya faɗi. "Habibu! Ni ban taɓa ganin gero a gona ba, kai kuwa a cikinsa aka haife ka. Ƙarya na yi maka da gangan, ka raka ni! Dube ni. Ka ce mini na yi kuskure."

Na ɗaga ido ya kai bakin gyalenta, sai ya sulale ya dawo kan tebur. Wuyana ya ƙi. Ba taurin kai ba ne, Allah ya sani, abin ya riga ya zama ƙashi.

Da na ba Isufu labari yana tuƙa tuwo, bai yi dariya ba. Na ce masa, "Ita ma na kasa, ina ga tsohon? Sa'an babana ne fa."

Ya ce, "To ɗan'uwa, sai ka zaɓa. Ko ka ɗaga ido, ko ka ɗaga jaka. Wannan lakwal, makaranta a bakinku, ba ta san na uku ba."

Ana saura 'yan kwanaki na kira gida. La'asar ce a wurinmu, hantsi a Roni. Ƙanena ne ya ɗauka ya kanga wa Baba a kunne, wai a 'yan watannin nan lambobin wayar sun yi masa ƙanana, zuwa zauren hakimi ma ya rage. Bayan gaisuwa na zayyane masa komai, har da "gaskiya ne" biyun da na yi.

"Kai Habibu," in ji shi. "Ashe duk zaman da ka yi a bayana rawuna kawai kake kallo?"

"Allah ya huci zuciyarka, Baba."

"Ka tuna shekarar da marigayi hakimi ya ce a nome burtalin da ya bi ta bayan dutse?"

"Na tuna."

"An nome?"

"Ba a nome ba."

"Wa ya hana?"

Ni dai a sanina hakimi ne ya canza ra'ayi da kansa.

"Ni na hana, kana zaune. Na ce, ranka ya daɗe, hukunci ya yi, babu mai ja. Sai dai in na fita arɗo zai tare ni ya ce ta ina shanu za su bi su sha ruwa, ni kuwa ƙaramin kai gare ni, a taimake ni da amsar da zan ba shi. Hakimi ya yi shiru, na yi shiru. Ban tashi ba. Har aka kira azahar ban tashi ba. Ba a ce wa babba ya yi kuskure, ɗana. Rakiyarsa ake yi zuwa bakin ramin ya leƙa da kansa. Kai ake sunkuyarwa, ƙafa kuwa kafe ta ake yi. Kai ka je ka sunkuyar da duka biyun."

Na ajiye wayar ina jin kamar an buɗe mini taga. Kwanakin da suka rage na yi su ina harhaɗa maganata a kan wannan ƙira, ina maimaita wa Isufu har ya haddace.

Ranar kariya ta biyu ɗakin nan ne, mutanen nan ne, lemar nan ce a jingine da tebur. Na gama bayani. Mai Lema ya buɗe aikin ya rufe, ya ce, "Na ce ka sa yawan shanu. Ka ce za ka gyara. Ban ga gyara ba."

Na sunkuyar da kai na kafe ƙafa. Na ce, "Farfesa, shawararka mai nauyi ce, kuma na daɗe ina juya ta. Sai dai in na je ruga da wannan tambaya, makiyayi zai ce mini wa ya aiko ni in ƙirga masa dukiya, daga nan kuma ba zai sake yi mini magana ba. Ni ɗalibi ne, a taimake ni da amsar da zan ba shi."

Na tsaya ina jira ya leƙa ramin.

Bai leƙa ba. Mai Lema ba hakimi ba ne. Ya ɗauki lemarsa ya ƙwanƙwasa ƙasa da ita, ya ce, "Ba makiyayi nake tambaya ba, kai nake tambaya. Shawarata daidai ce ko ba daidai ba ce? Kalma ɗaya nake so."

Dabarar Baba ta kawo ni bakin ƙofa ta tsaya. "Gaskiya ne" ta taso ta zauna a kan harshena, a shirye, kamar yadda ta saba. Na tuna mai fanka da tukwanensa a ƙasan bene. Na tuna Rabi tana cewa yara suna tambaya. Na ɗaga kaina, na ji kamar buhun gero nake ɗagawa da wuya, na wuce lemar, na wuce maɓallan rigarsa, na sa idona cikin nasa. Ƙananan idanu ne, jajaye, na mai yawan karatu. Ban ga fushi a cikinsu ba, jira na gani.

Na ce, "A'a, Farfesa. Ba daidai ba ce."

Ya ce, "Me ya sa?"

Daga nan bakina ya ɓalle. Na yi masa bayanin jangali, na yi masa bayanin kambun baka, na ce duk adadin da za a rubuta mini a takarda ƙarya ce mai ladabi, kuma binciken da aka gina a kanta ya rushe tun daga tushe. Ya taso mini, na tsaya. Ya ce ko ta yaya sai an san girman garke, in ba haka ba ba za a iya kwatanta gona da gona ba. A nan ya fi ni gaskiya, kuma wannan karon da na ce masa "gaskiya ne" na san dalilin da na faɗa. Muka yi ta ja har muka tsaya a kan cewa zan auna faɗin makwancin shanu a kowace gona, abin da ba ya bukatar a tambayi kowa komai. Matashin ya sake kawo maganarsa ta in rabu da mutane, na ce masa a'a shi ma, har na yi mamakin yadda ta biyun ta fito da sauƙi.

Suka fitar da ni, suka dawo da ni, suka ce na ci, da 'yan gyare-gyare. Dakta Salma tana ta murmushi a baya. Ni kuwa ba murna na fara ji ba. Ji na yi kamar na mari wani dattijo a kasuwa. Na shiga banɗaki na wanke fuska.

Da na kira Baba na ce masa, "Dabararka ta kai ni bakin ƙofa, Baba, amma sai da na ce wa farfesan a'a ƙiri-ƙiri, ina kallon idonsa."

Ya ce, "Tsoho ne?"

"Ya kai sa'anka."

"Ka ci?"

"Na ci."

"To, alhamdu lillahi. Gobe ka je ka gaishe shi. Wannan idon kuma, in za ka dawo, ka bar musu shi a filin jirgi."

Na je gaisuwar. Mai Lema ya ɗago ya ce ko ƙarin faɗa na zo yi, ya zuba mini shayi, har na tashi bai gane abin da ya kawo ni ba.

Fasfona ya fito bayan an gama ja mini rai, aka sa hannu a takardar tafiya aikin fili, na sauka gida da kaka, ana ɗaurin gero. Na kwana a Kazaure wurin iyali, da safe na hau babur zuwa Roni. Na tarar da Baba a zaure a kan buzunsa, carbi a hannu. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe shi, yana amsawa yana sa mini albarka. Ya tambaye ni hanya, ya tambayi tsohon nan mai lema. Ina cikin ba shi amsa, ba da niyya ba, sai kaina ya ɗago da kansa. Idon bai tsaya a filin jirgi ba, ya biyo ni.

Karo na farko a rayuwata na dubi cikin idon mahaifina. Yanar ido ta rufe su duka biyun, fari fat kamar an ɗiga nono. Ba ni yake kallo ba, muryata yake kallo, ta saman kafaɗata. Sai lambobin waya da suka yi ƙanana suka dawo mini, da zauren hakimi da ya rage zuwa. Gidan nan cike yake da 'ya'ya da jikoki masu ladabi, kowa ya san ƙafafunsa da bakin rigarsa. Daga baya na ji Inna kaɗai ta sani, ita kuma ya ce ta yi shiru.

Na ce, "Baba, idonka."

Carbin ya tsaya. "Wa ya ce ka duba?"

Na matsa kusa da shi.

"Tsufa ne," in ji shi. "Na ga rabona na duniya, abin da ya rage kaɗan ne. Ba inda za ni, kuma kada a tayar wa kowa da hankali. Ka ji ko?"

"To" ta taso ta zauna a kan harshena. Na haɗiye ta, ta wuce da ɗaci.

Na ce, "A'a, Baba. Gobe da safe za mu Kano a duba idon nan."

Ina jin tattabaru a kan soro, ina jin wani mai babur yana kiran fasinjan Gwiwa a bakin hanya. Ban tashi ba, ban sauke idona ba, ko da yake na san ba ya ganinsa.

Can ya ce, "Haka ka yi wa tsohon nan?"

"Haka na yi, Baba."

Ya sa hannu yana laluben takalmansa a gefen buzu, na tura masa su. Ya riƙe hannuna a kansu, ya ɗan jima bai saki ba.

"To," in ji shi. "Shiga ka ce wa innarka ta fito mini da farar rigar nan, a goge ta kafin gobe."